Kuɗin Gaisuwar Ɗan Buro

Tun da na dawo daga Buza da Keita ban huta da tambaya ba. Wanda ya gan ni a kasuwa sai ya ce, "Injiniya, an ce kin tafi kamun ɓarawo, ina ɓarawon?" Ƙawayena na Yamai kuwa abin da ya dame su shi ne ko na samu wurin wanka. To ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sa'adiya, ƴar Madawa ce ni. Na yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a Yamai na dawo gida, kuma ni na ƙera wa ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu wani ɗan inji na cikin waya. Manomi ya aika saƙon murya ya tambayi farashin buhu a kasuwa kaza, injin ya saurara, ya duba, ya amsa masa da murya. Na sa masa wani dogon suna na Faransanci wanda ya burge Turawan furoje, wato shirin tallafin da ya biya aikin. Manoma suka yi watsi da sunan suka raɗa masa Ɗan Buro, wato ɗan ofis.

Irin wannan inji ba a cikin wayarka yake zaune ba. Yana aiki ne a kan manyan na'urorin haya da ke wata ƙasa mai sanyi, abin da ƴan sana'armu ke kira gajimare, ina jin don kada mai biya ya tambayi inda kuɗinsa ke sauka. Hayar iri biyu ce. Ko ka kama sarbar taka, na'ura guda da aka keɓe maka, ka riƙa biyan tsayayyen kuɗi kowane wata, ta yi aiki ko ta yi barci. Ko ka shiga tsarin da ake kira ba-sarbar, wanda ƙarya ce tun daga sunan, don sarbar tana nan, ba taka ba ce kawai. A wannan tsarin duk saƙon da ya shigo sai a tashe ta ta amsa, a caje ka ɗan abin da bai kai a ambata ba, ta koma ta kwanta. Na farko jaki ne a turke, dole ka ba shi harawa ko da kaya ko babu. Na biyu kabu-kabu ne, tafiyar da ka yi ita za ka biya.

Ni na tsaya kai da fata a kan kabu-kabu. Abokin gardamata shi ne Mushe Bubakar, Mushe irin na Faransanci mai nufin Malam, wani mai ba da shawara daga Yamai, mai takalmi mai tsini da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Shi sarbar yake so a kama, kuma ba ƙarama ba, irin wadda za ta iya riƙe baitulmalin ƙasa. Na miƙe a gaban taro na ce albasa sana'ar rani ce, da damina kowa yana gonar hatsi, ba mai tambayar farashi, don haka faktir, takardar kuɗin hayar, za ta rame har a nemi ganinta. Aka tafa mini. Har na kalli Mushe Bubakar na yi masa murmushin da yanzu nake so in karɓo abina.

Furoje ya ƙare, Turawa suka kwashe hotunansu suka tafi, faktir ta faɗo kan ƙungiya. Damina ta zo ta wuce, faktir ta ƙi ramewa. Rani ya shigo, ta ƙara ƙiba. Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce a taron da ke tafe ko in zo da bayani da magani, ko a rufe Ɗan Buro. Bai ce a rufe ni ba, amma albashina a jikin Ɗan Buro yake rataye, kuma shi da ni duk mun sani.

Ba ni da ikon jin saƙonnin, don Turawa sun kafa sharaɗi cewa da an amsa wa mutum a goge muryarsa. Abin da nake gani kawai shi ne yawansu da inda suke fitowa: ƙauyukan Buza da na Keita, kullum bayan sallar asuba, rani da damina. Wane manomi ne zai tambayi farashin albasa a tsakiyar damina da sassafe? Na yanke hukunci ɓarawo ne ke yi mana ɓarna da gangan. Har fuska na ba ɓarawon a raina, da takalmi mai tsini.

Wanda ya raka ni shi ne ma'ajin ƙungiya, Alhaji Illa, dattijon da ba ya fitar da hannu daga aljihu sai don alwala. Ba don ƙaunata ya biyo ni ba, bai yarda ya damƙa wa yarinya kuɗin guzuri ba ne. Na sayi kilishin Madawa don tsarabar masu masauki, ya karɓa ya ce shi zai riƙe. Kafin motar kasuwar da muka shiga ta cika, ya cinye rabi yana duba ko mai kyau aka ba ni.

Direba ya ce yanzu za mu tashi. Yanzun nan tasa ta kai mu har rana ta take tsaka. Aka loda mu tare da buhunan gishiri da wata akuya da ta zaɓi ƙafata ta mai da ita matashi. A shingen jandarma aka karɓi katinmu, ɗaya daga cikinsu ya buɗe jakata ya ga ordinatar, wato kwamfutata, ya tambayi aikina. Na fara yi masa bayanin sarbar da ba-sarbar. Ban kai rabi ba ya mai da mini jakar ya ce mu tafi Allah ya kiyaye hanya. Alhaji Illa ya ce daga yau duk shingen da muka iske ni zan yi magana.

Mun shiga Buza da la'asar, muka sauka gidan Malam Haru, wakilin ƙungiya na can. A nan na fara ganin bambancinmu da su. Mu ƴan Madawa, gari na kan babbar hanya, muna gaisawa ne muna tafiya, kafin ka ce lafiya lau wanda ya tambaye ka ya sha kwana. A Buza kuwa gaisuwa aiki ce da ake tsayawa a yi. Malam Haru ya riƙe hannun Alhaji ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi dabbobi, ya tambayi mutanen Madawa gaba ɗaya kamar Alhaji ya ƙirga su kafin ya fito, sannan ya sake komawa kan gajiya ko ta ƙaru a tsakani. Ina tsaye da jaka a kafaɗa ina kallon ikon Allah, ban san ina kallon ɓarawona ba.

Matarsa Ai ta kawo mana fura mai sanyi daga tulu, daga baya tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa. Na ci har na ji kunya. Wurin wanka kuwa, ƙawayena na Yamai, akwai shi: danga ce da dutse guda a tsakiya, da bokiti, da wani zakara da ba shi da tarbiyya.

Da asuba ina kwance a tabarma cikin tsakar gida na ji Malam Haru ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin zaure. Ya gyara murya, irin gyarawar da ake yi wa babban baƙo.

"Salamu alaikum, Ɗan Buro. An tashi lahiya?"

Sai na ji muryar da na sani kamar tawa ta fito daga waya: "Lafiya lau, Malam Haru. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ƙaƙa aiki?"

"Aiki da godiya. Ina iyali?"

"Suna lahiya. Ina muka ji da zahin ga?"

Na tashi zaune. Kowace gaisuwa saƙo ce daban. Kowane saƙo ana tashin na'ura a ƙasar sanyi ta saurare shi, ta gane shi, ta haɗa amsa, a rubuta mana kuɗi. Kuma ba aljani ne ya koya wa Ɗan Buro amsa gaisuwa ba, ni ce. Ana gobe Turawa za su zo ganin aikin na ƙara masa ita don kwalliya, wata Baturiya ta ji ta dafa ƙirji ta ce abin ya taɓa mata zuciya. Don ƙarin armashi ma na sa in ya amsa shi ma ya tambaya. Na gwada shi da ƴan kasuwar Madawa, waɗanda ke cewa "nawa buhu a Tawa" su kashe waya, na ɗauka duniya duka haka take.

Malam Haru ya ci gaba har suka zo kan dabbobi. Can ya ce, "To madalla, a gaida mutanen buro," ya sa wayar a aljihu. Na yafa mayafi na fito na durƙusa na gaishe shi, a gurguje irin tamu.

"Baba, ban ji kun tambayi farashi ba."

"Hwarashin mi, ɗiyata? Ai ban ciro albasa ba tukuna."

"To me ya sa kuka kira shi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin wanke fuska. "Gaishe shi nay yi. In bar mutum wata da watanni ban ce mishi ƙala ba, sai ran da ni ka son abu wurinai in tashi in ce nawa buhu? Haka anka koya muku Yamai?"

"Baba, kun san fa inji ne."

"Mun san inji na. Amma ni ba inji ba na."

Na tambaye shi ko shi kaɗai ke haka. Ya ce ai duk mai mutunci a ƙungiya haka yake yi, har ma akwai wani maƙwabcinsa da aka yi wa faɗa a masallaci don an ji ya tambayi farashi ba sallama.

Da na yi wa Alhaji Illa bayani, sai da ya ajiye ƙoƙon kununsa. "Tsaya, Injiniya. Ina kwana kuɗɗi ta?"

"Kuɗi ce, Alhaji."

"Ina gajiya hwa?"

"Ita ma."

Ya yi salati. Ranar nan duk wanda ya gaishe shi a Buza da hannu ya amsa masa, kamar bakinsa ma caji ake yi. Ya ce a kashe gaisuwar yanzu-yanzu. Ni ma abin da nake so ke nan, amma dalilina daban ne. In gaisuwa ta mutu, faktir ta rame, maganata ta gaban taro ta tabbata, Mushe Bubakar ya koma Yamai da turarensa. Na ɗauki ordinatar na hau wani tudun duwatsu bayan gari inda aka ce rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, na zauna rana tana gasa ni, na ba Ɗan Buro sabon umarni: duk maganar da ba ta farashi ba, ya yi shiru. Na sauko ina jin kaina gwanar gwanaye.

Mun ƙara kwana a Buza don babu motar Keita sai ranar kasuwa. Hanyar kuwa duwatsu ne da gargada, in mota ta faɗa rami sai ka ji sunan kakanka. Gefe da gefe ga jerin duwatsun da mutanen ƙasar suka daɗe suna shiryawa da hannu don tare ruwa, ga itatuwa sun tashi a inda aka ce da can fako ne. Ban samu na kalla da kyau ba, hankalina yana kan riƙe ordinatar da haƙorana. Taya ta fashe, ta ajiya ma ashe a fashe take tun bara. Muka zube ƙarƙashin wata bagaruwa.

Cikin fasinjojin akwai wani Ba'abzine mai rawani, ya fito da ƴar butarsa da gawayi ya ɗora shayi kamar dama don haka ya shigo motar. Ya ba mu cuku, wanda Alhaji ya karɓa da hannu biyu tun da kyauta ne. Hira ta kai kan albasa, ashe shi ma yana da lambu a kwari. Ya girgiza kai.

"Kun ji Ɗan Buro ba shi lahiya? Tun jiya ni ka gaishe shi, shiru. Na sake, shiru. Na ba ƙanena ya gwada da tashi waya, shiru. Yau da sahe na yi mishi sannu da jiki."

Alhaji Illa ya kalle ni. Ni kuma na kalli shayina.

A Keita muka sauka ofishin reshen ƙungiya, ɗaki ɗaya da tebur da kujerun ƙarfe. A kusurwa akwai wani abu lulluɓe da zanen atamfa. Sakataren ya ɗaga zanen da alfahari: wata ƙatuwar na'ura ce da wani furoje na daban ya taɓa kawo musu, aka yi bikin buɗe ta da raguna. An kunna ta ranar bikin. Tun daga nan babu wanda ya san abin da ake yi da ita, amma yana goge ta kowace Juma'a. Na nuna wa Alhaji na ce ga irin jakin da Mushe Bubakar ke so mu ɗaure. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ji har yanzu ni ce mai gaskiya.

Sanyin bai daɗe ba. Da na samu rezo na buɗe ma'aunin saƙonni, sai na ga ya ninka har ya wuce. Abin da na manta a kan tudun Buza, rana tana dafa mini ƙwaƙwalwa, shi ne Ɗan Buro ba zai san magana ba ta farashi ba ce sai ya tashi ya saurare ta. Sauraron nan shi ne mai tsada. Da can mutum yana gaisuwa a amsa masa ya gama ya tafi gona. Yanzu yana gaisuwa, shiru, ya sake, ya ɗaga murya ko bai ji ba, ya kira maƙwabci ya gwada, sannan a shiga yi masa jaje. Na toshe bakin Ɗan Buro na bar kunnensa a buɗe, kuma muna biyan kowane sannu.

Na ce wa Alhaji mu koma gida in yi tunani. Ya ce ina, an riga an ware kuɗin zuwa wani ƙauye kusa da Ibohaman inda lamba ɗaya ta fi kowace kira a duk yankin, kuma shi kuɗin da aka ware ba ya komawa bai yi aikinsa ba. Da gari ya waye muka hau kabu-kabu biyu. Masu baburan suka ce mu ɗauke su yini guda a kan kuɗi ɗaya, Alhaji ya ƙi, ya ce zango-zango zai biya, don kada a ci kuɗinsa a tsaye. Ai kuwa kowane ƙauye zango ne, kowace rijiya zango ce, inda muka ɓata hanya muka dawo ma zango biyu ne. Kafin mu isa ya biya abin da ya fi kuɗin yinin. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna ni ma haka na yi wa ƙungiya, na rufe.

A bakin ƙauyen muka iske babbar mota tsaye, wani dillali yana auna albasa yana faɗin farashin da ya ga dama. Farashin da na ji ya sa na diro daga babur tun bai tsaya ba. Na ce wa mutanen ai ba haka ake saye a kasuwar Tawa ba, me ya hana su tambayi Ɗan Buro? Farashi dai har yanzu yana faɗa.

Wani dattijo ya tofar da goro. "Wanga da yay yi kuɗɗi? Mun gaishe shi, ya ƙi amsawa. Munka ce ko ciwo na, munka yi mai sannu. Sai ga yaron Ada ya tambaye shi hwarashi, nan take ya amsa. Ashe lahiyatai lau, mu na bai ɗauka mutane ba. Ya riƙe hwarashinai."

Dillalin yana ta murmushi yana ɗinke bakin buhu. Da zai san ni ce na yi masa wannan alheri, da ya ba ni tukuici. Alhaji Illa ya kira Tawa da wayarsa, da kuɗinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya faɗa musu farashin gaskiya da baki. Wasu suka janye buhunansu, wasu an riga an loda.

Muka tambayi mai lambar da ta kawo mu, aka nuna mana wani gida a ƙarshen gari mai dangar kara. Na shiga da sallama ina shirin ganin babban manomi mai rumbunan albasa. Tsohuwa na tarar a kan tabarma tana tsince wake, sunanta Inna Zali. Tsakar gidan fes, rumbu ɗaya na hatsi, kaji biyu, babu ko ƙamshin albasa. Wayar tana rataye a wuyanta cikin ƴar jakar fata kamar laya.

Na gaishe ta, wannan karon ban yi gaggawa ba. Da ta ji daga inda nake ta ajiye faifan.

"Ke ta uwar Ɗan Buro? Mi yas same shi?"

Na ce gyara ake yi masa. Ƙarya ce, kuma na ji nauyinta a bakina. Na tambaye ta ina lambunta.

"Lambu ya tahi da mai shi. Malam na ka noma albasa, shi anka rubuta cikin ƙungiya. Da yar rasu anka mai da sunan bisa gare ni, ban hana ba. Ɗiyana ukku maza duk suna bida, biyu Libiya, guda Abija. Babban shi ya aiko da wayar ga don mu riƙa gaisawa." Ta ɗan yi dariya. "Suna kira. Da salla."

Ta gyara jakar wayar a wuyanta.

"Na san ba mutum ba na, ɗiyata, ban haukace ba. Amma in nit tashi nay yi salla, gidan ga ba mai cewa ƙala sai kaji. In nic ce ina kwana, shina cewa lahiya lau Inna Zali, ina gajiya. Shekara nawa rabon da wani ya tambaye ni gajiya da sahe? Jiya nic ce ina kwana, shiru. Na ce to, shi ma ya tahi bida."

Ta faɗi haka tana dariya. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙwan zabi a ƙoƙo ta miƙo mini, wai ladan gyara, in yi ƙoƙari in tashe shi.

Na fito na sami Alhaji Illa tsaye jikin danga, ya ji komai. Na ce masa zan mai da gaisuwar. Na shirya jin salati da lissafi. Ya juya yana kallon wani kwari can nesa ya ce shi bai ga komai ba, kuma an ce rezo yana kamawa a bayan makarantar boko. Can na je na zauna a kan dutse na warware abin da na ɗaura a Buza. Muka kwana a ƙauyen, ni a gidan Inna Zali. Da asuba na ji ta gyara murya ta ce ina kwana, na ji an ce lafiya lau Inna Zali, ina gajiya. Sai ta ce, "Babu gajiya. Kak ka sake."

A hanyar dawowa, tsakanin rami da rami, na sake lissafin da gaskiya, ba don cin gardama ba. Kabu-kabu yana da araha ga mai fita jefi-jefi. Duk tsarina na gina shi a kan cewa Ɗan Buro zai yi barci rabin shekara. To mutanen Adar, ƙasar Buza da Keita, ba su bar shi ya yi barci ko na safiya ɗaya ba, kuma ba za su bari ba. Wanda ke da kaya kullum, rani da damina, jakinsa na turke ya fi masa sauƙi, don harawar ba ta ƙaruwa ko an ƙara masa buhu.

Ranar taro na miƙe a wurin da na taɓa miƙewa aka tafa mini, na ce mu kama sarbar. Maganar ta fito mini kamar ina haɗiyar maɗaci. Mushe Bubakar ya gyara zama ya miƙe ƙafa don kowa ya ga takalmin, ya ce ai tun farko ya faɗa, amma yara ba sa jin magana. Na bar shi ya gama jin daɗinsa, sannan na faɗi girman sarbar da nake nufi: ƴar ƙarama, daidai gaisuwa da farashin albasa, wadda kuɗin watanta bai kai abin da muke biya yanzu ba, kuma bai kama ƙafar giwar da ya kawo mana takardunta ba. Na ba su labarin na'urar Keita da ake gogewa kowace Juma'a. Murmushin nasa ya rame fiye da yadda faktir ta taɓa yi.

Shugaba tambaya ɗaya ya yi. "In munka ɗaure jakin ga, gaisuwa kyauta ta?"

"Kyauta ce, ranka ya daɗe. A gaishe shi har a gaji."

Aka amince. Ɗan Buro yana nan, ni ma ina nan. Wanda ya fi kowa gaishe shi yanzu a Madawa shi ne Alhaji Illa, safe da rana da maraice, ya ce tun da an riga an biya ba zai bar ko sannu ɗaya ta yi asara ba. Mutanen ƙauyen nan na Ibohaman kuwa sai da na sa Ɗan Buro ya ba su haƙuri kafin suka koma tambayarsa farashi, kuma albasar da dillali ya loda ta tafi ke nan.

Masu tambayata ɓarawo, na gan shi da idona. Tsohuwa ce mai kaji biyu, ba ta da ko kan albasa ɗaya, kuma na ci ƙwan zabinta. Wanda ke son a kama ta, hanya tana nan, kuɗin kabu-kabu a kansa. Ya isa da asuba ya tsaya a bakin danga ya ji ta tana cewa ina kwana, sannan ya shiga ya gaya mata nawa ta ci.